Kafin Ka Ɗora wa Netwok Laifi

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, intanet ya durƙushe a Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa da maƙwabtansu. Manhajojin bankuna suka ƙi buɗewa, masu POS suka riƙa ba kwastomomi haƙuri. Asalin abin kuwa can ƙarƙashin teku yake, daura da gaɓar Kwaddibuwa, inda manyan wayoyi huɗu da ke haɗa Afirka ta Yamma da sauran duniya, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda. Sai da jiragen ruwa masu gyara suka isa wurin, aka kwashe makonni kafin komai ya daidaita. A irin wannan rana, mutumin da ke zaune a Gwammaja ko Tudun Wada a Kano ba shi da abin yi, ko da zai kashe wayarsa ya kunna sau ɗari.

Sai dai ba kullum ake samun irin wannan rana ba. Nauyin intanet ɗin da muke fama da shi yau da gobe, sau da yawa bai kai bakin teku ba. Wani a cikin ɗaki yake, wani tsakanin gida da ƙarfen sabis na unguwa, wani kuma yana cikin sharuɗɗan datar da aka saya ba a karanta ba. Mu kuwa sai mu haɗa su duka mu ce “netwok ne”, mu sayi sabon layi ko sabuwar rauta, matsalar tana nan daram. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sayen abu bisa zato ya zama asarar da aljihu ba ya iya ɗauka.

Bidiyon da ka latsa a wayarka doguwar hanya yake biyowa. Tsakanin waya da rauta akwai waifai. Tsakanin rauta da ƙarfen sabis iska ce ke ɗaukar saƙon. Daga ƙarfen ana bin wayar fayiba da aka binne a gefen titi zuwa cibiyar kamfani, daga nan a nufi Legas, inda galibin wayoyin teku suka fito tudu, kusan kilomita 1,000 daga Kano. Duk gaɓar da ta fi rauni a cikin waɗannan, ita ke yanke saurin da zai iso gare ka. Biyu na farko ne kawai hannunka ke iya kaiwa, amma a nan ne ake samun gyaran da ba ya cin ko sisi.

A fara da awo. Akwai manhajar Speedtest, akwai shafin fast.com, dukansu kyauta ne, illa datar da kowane gwaji ke ci. Ka tsaya dab da rautar ka auna, sannan ka koma ɗakin da aka fi kukan nauyi ka sake aunawa. Ka yi haka bayan sallar asuba, ka maimaita bayan isha'i. Lambobi huɗun nan sun fi duk bayanin da mai shago zai yi maka. Idan kusa da rauta yana gudu amma a ƙuryar ɗaki yana jan ƙafa, laifin na cikin gida ne, babu ruwan kamfani. Idan da asuba lafiya lau, da dare kuma ya tsaya cak a ko'ina cikin gidan, cunkoso ne a ƙarfen sabis. Idan kuwa dare da rana, kusa da nesa, duk kanwar ja ce, to ko dai sabis ɗin da ke isowa gidan ba shi da ƙarfi, ko kuma kamfani ya rage maka gudu.

Lambar da awon ke nunawa megabit ce a daƙiƙa, ba megabait ɗin da ake sayar da data da shi ba, kuma megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya. Wanda awonsa ya nuna 8, fim mai gigabait ɗaya zai ɗauke shi kusan minti 17 kafin ya sauka. Kallon bidiyo mai kyan hoto a na'ura ɗaya yana buƙatar kimanin megabit 5. Ka ga ke nan 8 ɗin da ta wadaci gwauro ba za ta kai ko'ina ba a gidan da wayoyi goma ke jiran ta.

Shiga gidajenmu ka ga inda ake ajiye rauta. Galibi tana falon maigida, bayan talabijin, a cikin kanta, wani lokaci ma an lulluɓe ta da ƙyalle don kada ƙura ta shiga. Falon yana gaba kusa da zaure, ɗakunan iyali suna can ciki bayan tsakar gida. Kafin waifai ya isa ɗakin uwargida sai ya ratsa bangon bulo uku ko huɗu, wani da rodi a cikinsa, ga ƙofar ƙarfe, ga tankin ruwa a hanya. Siminti da ƙarfe da ruwa duk suna shanye shi, katangar ƙasa mai kauri ma haka. Rautar da ke amfani da layin waya kuma aiki biyu take yi: tana karɓar sabis daga waje, tana raba waifai a ciki. Don haka wurin da ya dace da ita shi ne sama, kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, a sarari, kuma gwargwadon hali a tsakiyar gida. Matsar da ita taku biyar kawai kan canza lamarin baki ɗaya.

Kada ka yarda da sandunan sabis da ke saman waya wajen zaɓen wurin, domin kowace waya da yadda take lissafa nata. A wayoyin Android, cikin saiti, wajen bayanin layi, akwai lambar ƙarfin sabis da ake rubutawa da alamar ɗebewa da haruffan dBm. A kan 4G, wajen -80 sabis ne mai kyau, -100 ya fara rauni, -110 kuwa da ƙyar ake sha. Ka zagaya gidan da wayar a hannu kana duba lambar, inda ta fi kusa da -80 nan ne mazaunin rauta. Idan duk gidan babu wuri mai kyau, musamman inda rufin kwano da dogayen gine-gine suka tare hanya, akwai rautocin da ake iya jona musu eriya a ɗaga ta a kan rufi. Gida mai girma kuma ya fi kyau a ja wayar intanet daga rauta zuwa sashen da ke nesa a sa wata na'urar waifai a can. Ƙananan na'urorin ƙara zango da ake cusawa a soket suna kai waifai nesa, amma galibi suna rage masa gudu sosai.

Rautoci da yawa suna fitar da waifai iri biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, sai dai hanyarsa a cunkushe take, domin waifai ɗin maƙwabta da Bluetooth duk nan suke bi. Na biyun ya fi gudu amma bango biyu sun isa su karya shi. Mai zama kusa da rauta ya hau na 5, na ƙuryar gida ya tsaya a 2.4. Kuma wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, wanda MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, har yanzu kuma ba kowace unguwa ya kai ba.

Sai batun masu ci tare da kai ba ka sani ba. “Yaya, don Allah sa mini fasiwod, saƙo ɗaya zan duba.” Daga ƙani sai abokinsa, daga abokin sai majalisar ƙofar gida. Wayoyin yanzu ma suna iya nuna lambar QR da wani zai ɗauka ya shiga, ba sai an faɗa masa kalmar sirri ba. A jikin rauta akwai takarda mai ɗauke da adireshin shafinta, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ka rubuta shi a burauza, ka shiga, za ka ga jerin duk na'urorin da ke kan layinka. Mutane da yawa a nan suke gano cewa rabin layin unguwa suke ciyarwa. Ka canza kalmar sirrin waifai, ka canza ta shiga shafin ma, domin wadda ta zo daga masana'anta kowane yaro mai wayo ya san ta. Ko cikin gida akwai masu ci a ɓoye: wayar da ke tura hotuna ma'ajiyar Google, kwamfutar da ke sabunta Windows, WhatsApp da ke sauke kowane bidiyon biki da aka jefo a guruf. Duk ana iya kashe su ko a mayar da su tsakar dare.

Cunkoson dare kuwa ba a gyara shi daga ɗaki. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa ne, bututu ɗaya ke shayar da kowa. Idan kowane gida ya buɗe nasa a lokaci guda, sai ruwan ya koma ɗigo. Shi ya sa za ka ga sabis a cike amma shafi ya ƙi buɗewa, a unguwanni masu yawan jama'a da kewayen jami'o'i da kasuwanni. Mafita ita ce a gwada wani kamfanin da ƙarfensa bai cika ba a wannan unguwar, ko a mayar da manyan saukewa bayan sha biyun dare. Haka nan a karanta sharaɗin datar da ake tallata cewa ba ta da iyaka. Yawancinsu suna da adadin da idan ka kai shi za a rage gudu har wata ya ƙare, wasu kuma tun farko an ƙayyade iyakar gudunsu.

Zafi da wuta ma suna da nasu rabon. Rautar da aka rufe a kanta a watan Afrilu, ko ƙaramar rautar aljihu ta maifai da ke kwana a caji har batirinta ya kumbura, za su riƙa yankewa. Kashe rauta na rabin minti a sake kunnawa yana taimakawa, domin tana sake neman ƙarfen sabis daga farko. Amma ƙaramin ramin nan da ake tsokana da allura a bayanta, shi goge duk saitin yake yi, kada a taɓa shi sai an san yadda za a mayar. Idan kuma sabis ya ɗauke wa unguwa baki ɗaya, kira da data, to ko man janaretan ƙarfen ne ya ƙare, ko masu aikin titi sun datse fayiba, ko ɓarayi sun yi ta'adi. Yawan irin wannan ɓarna ne ya sa gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman a 2024.

Wanda zai sa intanet a sabon gida, kada ya fara da shago. Ya ari layukan kamfanoni daban-daban daga 'yan uwa, ya gwada kowanne a cikin gidan, da dare, sannan ya tambayi maƙwabtan da ke jikin katangarsa. Kamfanin da ke gudu a unguwar Nasarawa ba lallai ne ya yi gudu a Kurna ba. Rautar da kamfanin waya ke sayarwa ta fi araha, amma galibi a kulle take, layinsa kawai take karɓa. Wadda ke karɓar kowane layi, irin da ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ta fi tsada, kuma sai an bincika, domin wasu an ƙera su ne don wata ƙasa, ba su kama duk zangunan da kamfanoninmu ke amfani da su. A sa layi a gwada ta a gaban mai shago kafin a biya. Inda fayiba ta iso ƙofar gida, a ganina babu abin da ya kai ta, domin ba ruwanta da rufin kwano ko cunkoson ƙarfe. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya share hawayen waɗanda ke nesa da gari, amma yana son sararin sama babu bishiya, da wutar da ba ta yankewa, da aljihu mai nauyi. Shi ma bai tsira daga cunkoso ba, har ya taɓa dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas da Abuja a ƙarshen 2024.

Layin da za a sa a rauta, kamar na waya, dole a yi masa rajista da lambar NIN, ƙa'idar da aka kafa tun Disambar 2020. Ka yi da sunanka, a ofishin kamfani ko wurin wakilinsa. Layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ranar da aka rufe shi ko ya ɓata, ba ka da hujjar dawo da shi, kuma ba ka san abin da aka aikata da shi a baya ba. Tsohon sim na zamanin 3G kuma sai an musanya shi kafin ya hau 4G. Mai son canza kamfani ba sai ya rabu da lambarsa ba, tun 2013 ake iya ƙaura da ita. Lambobin bincike ma yanzu iri ɗaya ne a duk layuka: *310# don ganin kuɗi, *312# don sayen data, *323# don ganin ragowarta.

Idan ka gyara na cikin gida, awo kuma ya nuna matsalar daga waje take, ka kira 300, layin kula da kwastomomi na kowane kamfani. Kada ka tsaya a “netwok ba kyau”. Ka faɗi unguwa, da lokacin da abin ke faruwa, da lambobin da ka auna, sannan ka nemi a ba ka lambar ƙorafi ka rubuta ta. Idan an yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kira NCC a 622 ka ba su wannan lambar. Kiran kyauta ne.