Kafin a Kira Motar Kwasar Kaya: Abin da Masu Ofisoshi Ke Mantawa Ranar Ƙaura

A yawancin ofisoshi, da zarar an samu sabon gini, abin da ake fara lissafawa shi ne kuɗin haya, fenti, labule da motar da za ta kwashi tebura. Kwamfutoci da kayan sadarwa sai a bar su ƙarshe, a ce wa ma'aikacin da ke kula da su ya zare wayoyi ranar Juma'a da yamma, ya haɗa su a can kafin safiyar Litinin. Irin wannan tsari ne ke sa ofis ya buɗe da fenti yana ƙyalli amma babu intanet, firinta ta ƙi amsawa, akanta ya kasa buɗe lissafin albashi, jama'a kuma suna tsaye a bakin ƙofa. Ya kamata shugaban kowace ma'aikata, asibiti, makaranta ko kamfani ya sani cewa ba ƙarewar haya ce za ta yanke ranar ƙaura ba. Abubuwa uku ne ke yanke ta: layin intanet da ya riga ya fara aiki a sabon ginin, wutar lantarkin da aka gwada, da kwafin bayanan da aka tabbatar yana buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Intanet ne ya fi cin lokaci, domin ba a hannun mai ofis yake ba. Kafin kamfanin sadarwa ya jawo layi, sai ya turo ma'aikatansa sun duba wurin. Idan kebul ɗinsa bai ratsa titin ba, sai ya nemi izinin haƙa daga gwamnatin jiha. Idan kuma ta eriya za a jawo, sai mai gida ya yarda a kafa ƙarfe a kan rufinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cin makonni, wani lokacin watanni. Saboda haka tun kafin a sa hannu a takardar haya ake tambayar kamfanonin da layinsu ya iso unguwar. Akwai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba: sauya layi yakan sauya lambar da ake gane ofis da ita a intanet, alhali wasu bankuna da abokan hulɗa sun ɗaure shigar ofishin da tsohuwar lambar. Idan ba a sanar da su da wuri ba, ga intanet ya zo amma ƙofa a kulle. Layi ɗaya ma bai isa ba. A ranar 14 ga Maris 2024, lalacewar manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta tsayar da ayyukan bankuna da kamfanoni da dama a Najeriya da maƙwabtanta. Ƙaura dama ce ta jawo layi na biyu da ke bin wata hanya dabam, ko na kamfanin waya ko na tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023.

Sai ginin kansa. Wayoyin da ke haɗa kwamfutoci ana shimfiɗa su ne kafin a rufe silin, a yi fenti, ba bayan an jera tebura ba. Wayar tagulla ta sadarwa ba ta wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, don haka gini mai hawa ko mai dogon baranda yana buƙatar a san tun farko inda za a ajiye na'urar rarraba layi. Ɗakin da za a sa babbar kwamfutar ofis kada ya zama sito na ƙarƙashin matakala ko kusa da bututun banɗaki. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura maki 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankokin na'ura, saboda haka ɗakin na buƙatar na'urar sanyaya iska da ƙofa mai rufuwa ruf. Batun wuta kuwa, ba samuwarta kaɗai ake dubawa ba, har da yadda take dawowa. A watan Mayu na 2017, an katse wuta a cibiyar kwamfutocin kamfanin jiragen British Airways da ke kusa da filin jirgin Heathrow, aka kuma mayar da ita ba bisa tsari ba, na'urori suka lalace. Kimanin fasinjoji 75,000 abin ya shafa, kamfanin ya ƙiyasta asarar kusan fam miliyan 80. Ofishin da ke sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da sola sau da yawa a yini ɗaya ya fi kowa buƙatar ƙwararren mai gyaran wuta ya auna ƙarfinta, ya tabbatar da wayar da ke sauke ta zuwa ƙasa, a kuma gwada batiran UPS masu riƙe wuta da kaya a kansu kafin a jona komai.

Abin da ya fi duk waɗannan tsada shi ne bayanai. Kwamfuta idan ta fashe ana sayen wata a kasuwa, amma bayanan marasa lafiya, sakamakon ɗalibai ko lissafin bashin shekara goma ba a sayar da su ko'ina. Faifan ajiyar da ya yi shekaru yana juyawa ba hutu, ranar da aka kashe shi ya huce, aka ɗora shi a mota ya sha gargada, ita ce ranar da ya fi yiwuwa ya ƙi tashi. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce a riƙe kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa a ranar 10 ga Maris 2021 ta nuna dalili: wasu masu hulɗa da kwafinsu ke ajiye a wuri guda da na asali sun rasa duka biyun. Haka nan kwafin ofis bai kamata ya shiga mota ɗaya da kwamfutar da aka kwafo ba. Kuma kwafin da ba a taɓa buɗe shi a wata na'ura an ga fayilolin suna aiki ba, zato ne kawai. Doka ma ta shigo ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 idan bayanan mutane suka salwanta ta yadda za su iya cutuwa. Tsohuwar kwamfutar da aka bar wa ɗan gwangwan ba tare da an goge ta ba tana iya jawo wa ofis tuhuma a ƙarƙashin wannan doka.

Wani zai ce duk wannan na manyan kamfanoni ne, mu da kwamfuta goma muke da ita. Amma ƙaramin ofis ne ya fi rauni, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ya san inda kowace waya ta dosa, kalmomin sirri kuma a kansa suke, ba a rubuce ba. Wani zai ce mu bayananmu a rumbun intanet suke, babu abin da za mu ɗauka. Gaskiya ne nauyinsa ya ragu, sai dai dogaronsa da layi ya ƙaru: ranar da babu intanet, babu aiki gaba ɗaya, ga kyamarorin tsaro, firinta da na'urar ɗaukar zanen yatsa da har yanzu sai an ɗauke su da hannu. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi, wato biyan haya biyu da layi biyu na wata guda asara ce. Sai a ɗauki biro a lissafa albashin ma'aikatan da za su zauna mako guda ba aiki, a haɗa da cinikin da zai tafi wurin wasu. Misali, bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan masu ajiyarsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda cikin Afrilun 2018. Kimanin mutum miliyan 1.9 suka shiga matsalar shiga asusunsu, bankin ya yi asarar kusan fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester ya sauka, a 2022 kuma hukumomi suka ci shi tarar fiye da fam miliyan 48. Binciken da aka yi ya gano cewa a cikin sababbin cibiyoyin kwamfutocinsa biyu, a ɗaya kawai aka yi muhimmin gwajin. Gaggawar da aka yi don rage kashe kuɗi ce ta fi cin kuɗi.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowane ofis ba. A naɗa mutum ɗaya da alhakin ƙaurar ke wuyansa, a ba shi iko ya ce ba a shirya ba. A rubuta kowace na'ura da lambarta. Kafin a zare waya ko ɗaya, a ɗauki hoton bayan na'urorin da wayar hannu, a manna wa kowace waya takarda mai lamba a bakinta biyu. A fara tura ma'aikata biyu ko uku su yi cikakken yini suna aiki a sabon ginin: su buga takarda, su tura kuɗi, su kashe wutar gari su ga ko janareta zai karɓa ba tare da kwamfuta ta mutu ba. A sanar da masu hulɗa ranar da za a rufe. A kuma tsayar da lokacin da, idan abubuwa ba su daidaita ba, za a koma tsohon wuri, wanda ke nufin kada a miƙa makullinsa ko a yanke layinsa sai sabon ya yi mako guda yana aiki lafiya. Idan ɗaya daga cikin abubuwan nan uku, wato intanet, wuta da kwafin bayanai, bai kammala ba, a ɗaga ranar, ko da an riga an biya mai mota.