Ƙullutun cibiya da jinin da ake kira basir

Duk ranar kasuwa a Sabon Birni ko Isa za ka ji mai lasifika yana tallar maganin basir, jama'a sun yi masa zobe. A Turba ma, wanda ya ga jini a bayan gida da wuya ya kira shi da wani suna. Sau da yawa basir ɗin ne. Amma kansar dubura ita ma da jini take farawa, da majina, da yunƙurin da ba ya ƙarewa, kashi ya sirance, mutum ya yi ta ramewa. A Najeriya tana kama har waɗanda ba su kai shekara 50 ba.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne inda take ɓulla daga baya. Jinin hanji ta hanta yake bi, shi ya sa hanta ce masaukinta na farko. Na ƙasan dubura kuwa yana iya kauce wa hanta ya zarce huhu, sai tari ya ƙi jin magani, a yi ta zargin tarin fuka. Wani lokaci takan sauka a ƙashin baya, ko ƙwaƙwalwa, ko ƙwan mahaifar mace, ko fata, har da mazakuta. Takan fito kamar kaluluwa mai tauri a matsematsi. Akwai kuma ƙullutu a cibiya, ja, mai ɗan tsiyayar ruwa, wanda likitoci ke kira da sunan Sista Mary Joseph, wata ma'aikaciyar jinya a Amurka da ta lura da shi.

To irin wannan ƙullutun ne ake kai wa wanzami ya yi masa sakiya. Kada a yi. Ba ƙurji ba ne, babu mugunyar da za ta fito, sai dai ciwo ya buɗe baki.

Na san zuwa Sakkwato ba shi da sauƙi, kuma kuɗin mota ba wasa ba ne. Duk da haka gwajin farko yatsan likita ne cikin safar hannu, ana yinsa a babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. In ya taɓa wani abu, zai tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a leƙa hanjin da na'ura, a yanki ɗan tsoka a auna. Ko tari ne ya kai ka, ko ciwon baya, ka ajiye kunya ka gaya masa tun yaushe kake ganin jinin.