Injin Babur a Jikin Mota: Hatsarin Yankewar Baƙin Mai

A ƙasar Ingila akwai masu harhaɗa ƙananan motoci a gida, su ɗora musu injin babur, musamman na Suzuki Hayabusa wanda ya fito a 1999, saboda ƙarfinsa da rashin nauyinsa. Sai dai akwai matsalar da kan kashe irin wannan inji cikin ɗan lokaci kaɗan.

Baƙin mai a wurin inji tamkar jini ne a jiki. Yana taruwa cikin kasko a gindin inji, famfo ya zuƙo shi ta bututu, ya raba wa sassan da ke gogayya. Babur yakan karkata idan zai sha kwana, saboda haka man ba ya barin bakin bututun. Mota kuwa ba ta karkata haka. Da ta shiga kwana a guje sai man ya kwarara gefe guda, famfo ya zuƙi iska, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga.

Magani mai sauƙi shi ne a gitta farantan ƙarfe cikin kaskon domin su tare man. Wanda ya fi inganci kuwa, a keɓe wa man dogon tanki, wani famfo yana kwashe shi daga kasko zuwa can, yadda kwana ba za ta raba shi da bututu ba.