Yadda Inci Biyu Suka Sauya Fasalin Rumbunan Ajiyar Bayanai

Duk hoton da mutum ya ɗauka da wayarsa ya aika Facebook, to, akwai inda yake kwana. Yana kwana ne a kan wani faifai, cikin wani makeken gini wanda ba kowa ciki sai na'urori da 'yan ma'aikata ƙalilan masu kula da su. Ɗaya daga cikin irin waɗannan rumbuna yana garin Prineville a Jihar Oregon ta Amurka, kuma daga can ne wannan labari ya taso.

A cikin watan Afrilu na 2011 kamfanin Facebook, wanda ya koma Meta a 2021, ya yi abin da 'yan kasuwa ba su saba yi ba. Ya kwashi zane-zanen na'urorin da injiniyoyinsa suka tsara domin wannan gini ya baje su a fili, ya ce duk mai so ya kwaikwaya, ba sai ya biya ko kwabo ba. Aka raɗa wa shirin suna Open Compute Project. Kamfanin ya ce sabon tsarin ya ƙara tsimin wutar lantarki da kashi 38 cikin 100, ya kuma rage kuɗin gini da kashi 24.

Kada mai karatu ya ɗauka sadaka ce. A da, wanda ya sayi akwatin faya-fayai daga wani kamfani ya shiga hannunsa ke nan, gama in abu ya lalace sai nasu ne zai shiga, kamar yadda kayan gyaran Fijo ba su shiga Marsandi, kuma farashin da suka yanka shi za a biya. Amma in zane ɗaya ne a hannun kowa, sai maƙera su shiga gasa, mai saye ya taya inda ya ga dama. Haka kuwa aka yi, don kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Wiwynn suka shiga ƙera kayan. Facebook dai talla yake sayarwa, ba na'ura ba, saboda haka bai yi hasarar kome ba.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne maganar kantar ƙarfe da ake jera na'urorin a kai. Tun wajen 1922 kamfanin tarho na Amurka ya tsayar da faɗin inci 19, duniya kuwa ta bi shi, har kwamfuta ta zo ta gaji ma'aunin da ba dominta aka yi ba. A 2012 masu shirin suka fito da tasu kantar, Open Rack, mai faɗin inci 21 daga ciki. Inci biyu kamar ba kome ba ne, amma da su ne faifai biyar suke shiga a jere inda a da huɗu kaɗai ke shiga. Suka kuma sa sandar tagulla a bayan kantar, kowace na'ura na shan wuta daga gare ta da zarar an tura ta ciki.

A kan wannan kanta aka ɗora akwatin da ake kira Open Vault, mai cin faifai 30, watau 15 a kowace durowa. Ma'aikaci zai tsaya ta gaba ya jawo durowa, ya ɗaga murfi, ya cire mataccen faifai ya sa sabo, ba tare da ya nemi sukurdireba ba. A gidan da faya-fayai suka kai dubbai barkatai, mutuwar faifai abin yau da kullum ce, don haka kowane minti kuɗi ne. Ko fenti da murfin ado ba su yarda an sa wa na'urorin ba.

Sai kuma tsofaffin hotuna waɗanda ba safai ake dubawa ba, amma ba a isa a zubar ba. A 2013 aka ware musu gini a Prineville, inda faifai ɗaya tak a kowace durowa yake aiki a lokaci guda, sauran suna barci sai an neme su.

Microsoft ya shiga shirin a 2014, Google ya biyo baya a 2016, sa'an nan a 2017 aka fito da akwatin Bryce Canyon mai cin faifai 72.

Sai dai fa garaɓasar ta fi isa ga masu sayen kaya dubu-dubu. Ƙaramin banki ko jami'a da ta riga ta cika ɗaki da kantoci masu inci 19 ba ta iya cusa sabon akwatin a ciki, sai ta sake kanta da tsarin wuta baki ɗaya. Bugu da ƙari, akwatin ne kawai aka buɗe wa asiri. Shi kansa faifan mai juyawa da ke cikinsa, kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera shi, watau Seagate da Western Digital da Toshiba.