3.4 Ɗaurin Tsarkiya a Kiɗan Garaya da Gurmi

Kamar yadda aka ambata a baya, garaya da gurmi suna cikin kayan kiɗan Hausawa masu tsarkiya, kuma Ames da King (1971) sun kawo bayaninsu tare da molo da kuntigi da goge. Abin da wannan sashe zai duba shi ne ɗaurin tsarkiya, wato yadda makaɗi yake daidaita amon kowace tsarkiya kafin ya fara kiɗa. Matasa kan kira wannan aiki saiti.

Abubuwa uku ne suke sa amon tsarkiya ya hau ko ya sauka: tsawonta da kaurinta da kuma tsananin ɗaurinta. Gajeriya ko siririya ko wadda aka ja da ƙarfi takan yi siririn amo, doguwa ko kakkaura ko sakakkiya kuwa sai ta yi amo mai kauri. Idan aka danne tsarkiya daidai tsakiyarta, amon da zai fito shi ne na farko amma a sama, kamar yadda yaro da babba kan rera waƙa ɗaya kowa da muryarsa.

Garaya da gurmi na gargajiya ba su da kunnuwan murɗawa irin na jita. Ana ɗaure kan kowace tsarkiya ne a jikin sanda da 'yar igiyar fata wadda aka naɗe ta kamar zobe. In makaɗi yana son amo ya hau, sai ya tura zoben can ƙarshen sanda, tsarkiya ta ƙara tauri. In yana son ya sauka, sai ya jawo shi wajen ƙoƙo. Abin lura a nan shi ne, turawar nan tana ƙara wa tsarkiya tsawo kaɗan, wanda ya kamata ya saukar da amo, amma taurin da ta ƙara shi ne yake rinjaye. Haka kuma matsar da jaki, wato ɗan abin da tsarkiya take hawa a kan fata, yana sauya amon duka tsarkiyoyin a lokaci guda.

Ke nan babu tsayayyen amo guda da aka ce dole kowace garaya ta tsaya a kansa. Makaɗi yakan fara ɗaure babbar tsarkiya daidai da muryarsa, ko muryar wanda zai yi wa rakiya, sannan ya auna ƙaramar da babbar, kunnensa ne kawai ma'auni. Wannan ya sa ɗaurin da ya dace da kirarin mafarauta, inda ake ɗaga murya a fili, ba lalle ya yi daidai da kiɗan da ake yi a zaure da dare ba. Dalili na biyu shi ne karin sautin Hausa. Tunda kalma tana da karin sama da na ƙasa da faɗau, kuma taken ɗan kokawa ko na maharbi magana ce ake kwaikwaya, tilas tazarar da ke tsakanin tsarkiyoyin ta ba yatsu damar hawa da sauka yadda maganar take. In ɗauri ya ɓaci, mai take ba zai ji an kira shi ba, makaɗi kuma ya rasa kyautarsa.

Yanayi ma yana da hannu a ciki. A ƙauyukan ƙasar Ɗambatta da Bichi da Kunci, iskar hunturu takan busar da fatar da aka rufe ƙoƙo da ita har ta ɗaure tamau, amo ya yi sama. Da damina kuwa laima kan sa fata ta saki, sai an gasa ta a gefen wuta ko an shanya ta a rana. Tsarkiyar roba irin ta masunta, wadda da yawa suka koma wa, ta rage wannan wahala, sai dai fatar tana nan da halinta.

Za a ƙara fahimtar wannan batu idan aka kwatanta da jitar Hawayi, wadda ake danganta ƙirƙirar salonta ga Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19. Ita kwantar da ita ake yi a kan cinya, a riƙa zamar da guntun ƙarfe a kan tsarkiyoyi. Da yake ƙarfen miƙaƙƙe ne, yana danne su duka a wuri ɗaya, sai makaɗanta suka bar ɗaurin jita na yau da kullum (E A D G B E) suka fito da wasu, irin su C6 (C E G A C E), wanda sunan Jerry Byrd ya yi fice a kansa. Wasu har jita mai wuya biyu ko uku aka ƙera musu, kowane wuya da nasa ɗauri. Mai fedar da ta biyo baya ita ce Demola Adepoju ya kaɗa a faifan Juju Music na King Sunny Ade a 1982. Kamancin a bayyane yake: a nan da can, waƙa ce take zaɓar ɗauri. Bambancin kuwa shi ne su nasu yana da suna kuma a rubuce yake, na garaya kuwa a kunnen ubangida yake, yaro ya ɗauka ta hanyar zama da shi shekara da shekaru.

A nan ne matsala take. Fiyano ɗin lantarki da ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano tun daga shekarun 1990 an gina shi ne a kan ma'aunin Turai, inda amon A yake kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, matakansa kuma goma sha biyu ne daidai wa daida. Idan aka gayyaci mai gurmi ɗaukar waƙa tare da fiyano, shi ake sa wa ya matsar da zobensa har ya dace da na'ura, ko da kuwa hakan ya fitar da shi daga inda muryarsa ta saba zama.