Makirufo ɗaya, aiki biyu: yadda ake zaɓar kayan sauti na ɗaukar murya a ɗaki da na filin biki

Matashi da ke zaune a Zawaciki, yana aiki a wata masana'anta a Challawa ko Sharada, da dare yana ɗaukar waƙa ko karatu a ɗakinsa, ran Asabar kuma ana gayyatarsa majalisi ko walima, yakan tsinci kansa da tambaya guda: kuɗin da ya tara ba za su sayi kaya kashi biyu ba, to wanne zai saya da zai yi masa aiki a wuraren biyu? Kuskure a nan yana iya cinye albashin wata guda ko fiye, domin farashin waɗannan kaya yana bin dala.

Makirufo iri biyu ne

Akwai dainamik, akwai kwandensa. Kwandensa, irin su Audio-Technica AT2020, shi ake yawan gani a hotunan situdiyo, shi ya sa matasa ke rububinsa. Yana da kaifin ji sosai, kuma wannan kaifin ne matsalarsa a ɗakin da ba a killace shi ba. Zai ɗauki murya, ya haɗa da fanka da janaretan maƙwabta da tirelolin da ke wucewa zuwa tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023. Sannan ba ya aiki sai an ba shi wutar 48V daga miksa ko saun kad. A filin biki kuwa yana saurin jawo kukan lasifika, ƙarar nan mai tsini da ke sa jama'a toshe kunne.

Dainamik ba ya buƙatar wannan wuta, yana jure faɗuwa da ƙura, kuma da yake a bakin mutum ake riƙe shi, murya tana rinjayar hayaniyar da ke nesa. Shure SM58, wanda ya fito tun 1966, har yau shi ne aka fi gani a hannun mawaƙa a dandali. Ga mai aiki biyu, dainamik ne zaɓin farko.

Mai ƙaramin ƙarfi zai iya duba Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Dukansu dainamik ne masu ƙofa biyu: USB don haɗawa da waya ko kwamfuta a gida, da XLR mai ƙafa uku don haɗawa da miksa a wurin taro.

Saun kad ko miksa?

Makirufo mai XLR kaɗai ba ya shiga waya kai tsaye, sai ta wata na'ura. Saun kad, irin su Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, aikinsa mayar da murya zuwa bayanan da kwamfuta ke karantawa, kuma yana ba da sauti mai tsabta. Sai dai makirufo biyu kawai yake ɗauka, ba a yi shi don taro ba.

Miksa mai USB, kamar Yamaha MG10XU, ita ce ke tsakiya. A filin biki tana ɗaukar makirufo huɗu da fiyano, tana da amsa-kuwwa a jikinta. A gida kuma tana aika sauti zuwa kwamfuta. Iyakarta ita ce tana haɗe komai wuri ɗaya kafin ta aika, don haka ba a iya gyara muryar ɗan amshi daban bayan an gama ɗauka. Wanda akasarin wuraren da yake zuwa akwai mai kayan sauti da aka ɗauko haya, saun kad ya ishe shi. Wanda shi ne ke kai kaya wurin taro, miksa ta fi masa amfani.

Idan da waya za a yi aiki

Wayar Android tana karɓar makirufo mai USB ta hanyar OTG, amma ba kowace waya ke iya ba saun kad isasshiyar wuta ba, wani lokaci sai an haɗa da mahaɗin USB mai nasa caji. Manhajar BandLab kyauta ce a waya, Audacity kuma kyauta ce a kwamfuta. A ajiye aiki a tsarin WAV, kuma idan za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin saƙon murya yana matse sauti. A guji abin kunne na Bluetooth lokacin ɗauka: yana jinkirta sauti, murya ta riƙa zuwa bayan kiɗa. Mai waya, wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, shi ya dace, don kada kiɗan ya zubo cikin makirufo.

Wuta da ƙura

Wutar Najeriya tana tafiya a kan 230V da 50Hz, kuma gurnanin da ake ji a ƙarƙashin murya sau da yawa daga nan yake, musamman idan soket ba shi da wayar ƙasa. Ɗauka da laftof ko waya a kan batir, an cire caja, yakan rage shi. A wurin taro, miksa ta bi ta sitabilaiza kafin janareta, kuma a kunna lasifika a ƙarshe, a kashe ta a farko. Lasifika ta kasance gaban mai waƙa, tana kallon jama'a. Lokacin hunturu kuma kaya su koma jaka da zarar an gama, domin ƙura ce ke sa maɓallan miksa ƙarar-ƙarar.

Kafin a biya kuɗi

SM58 na cikin makirufon da aka fi yin jabunsu a duniya. Na asali nauyinsa giram 298 ne, don haka wanda ya yi sakayau a hannu, ko farashinsa ya faɗi ƙasa sosai, abin tuhuma ne. Ko a Sabon Gari ne ko a intanet, a nemi a gwada, a ɗauki murya ta minti ɗaya a saurara da abin kunne, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa kafin a bar shago.

Tsarin sayen da ya fi sauƙi shi ne makirufo dainamik da wayar XLR mai kyau tukuna, sai abin kunne, sannan saun kad ko miksa. Lasifika ta zo ƙarshe, tunda ana samun hayarta. Kwandensa kuwa ya jira har ranar da aka samu ɗaki mai shiru.