Ɗalibin da Sakkwato ta tura Detroit

A 1990 gwamnatin jihar Sakkwato ta ɗauki nauyin wani matashi, Jelani Aliyu, zuwa birnin Detroit na Amurka domin ya koyi zanen motoci a College for Creative Studies, bayan ya karanci zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi. Ya kammala a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki, kuma daga hannunsa zanen samfurin farko na Chevrolet Volt ya fito, motar nan mai amfani da lantarki da aka baje kolinta a 2007. Bai dawo gida da aiki ba sai a 2017, da Shugaba Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa.

Masu ƙorafi kan ce wannan ai kura da shan bugu ne, gardi da kwashe kuɗi: talakan Sakkwato ya biya, Amurka ta ci moriya har shekara 23. Maganarsu abin dubawa ce, amma sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. A 1994, ina mai zanen mota zai kai takardarsa a Najeriya? Masana'antar Fijo ta Kaduna harhaɗa mota take yi, zanen kuwa daga Turai yake zuwa a kammale. Sannan wannan sana'a ba a aji ake gama koyonta ba. A ɗakin zane na kamfani, sai an gina motar da yumɓu daidai girmanta, a yi ta kankarewa ana shafawa, injiniya ya zo ya ce wannan lanƙwasar, ƙarfe ba zai ɗauke ta ba, a sake sabon lale. Da an tilasta wa Jelani dawowa ranar da ya karɓi shaidar kammalawa, da wuya in ba teburin wata ma'aikata zai ƙare ba, yana sa hannu a fayil.

Duk da haka, kada dawowar mutum ɗaya ta rufe mana ido. Gaskiya ne a zamaninsa hukumar ta kafa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma ɗalibai nawa ne suka tafi da irin burinsa, musamman likitoci, har yau shiru kake ji? Burin ɗalibi yakan bi inda kayan aiki suke ne, kuma takardar alkawarin dawowa da ake sa su rattaba wa hannu ba ta gina asibiti ko masana'anta. Don haka duk gwamnan da zai tura yara waje, ya fara tanadar musu wurin da za su yi aiki da abin da suka koyo, tun kafin a yankar musu tikitin jirgi.